Litinin, a bakin gulbi

Ɗan Kawu ya iso jiya daga Katsina ta Ɗan Isa, yau ya ce sai na zaga da shi garin Maradi. Ranar kasuwa kuwa. Cunkoso, ƙura, 'yan kabu-kabu kamar su taka mutum. Turmi biyu na atamfa ya saya wa amarya, muka tsere.

Fada ta burge shi, ya daɗe yana kallon zanen bangon ƙofa da dogarai cikin jajayen kaya. Da ya ji ana cewa Sarkin Katsina sai ya waigo yana murmushi. Na ce masa ai ba aro muka yi ba, gidan sarautar ne ya baro can bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, Sarki Ɗan Kasawa ya kafa zama a nan. Ya ce to, ya sara.

A gulbi ne ya ɓata min rai. Rani ne, ba komai sai rairayi, masu amalanke na ɗibar yashi, can gefe lambuna da gonakin zogale.

"Yaya, wai wannan ne gulbin naku? Ina ruwan?"

Na ce ku tambayi kanku, ku da kuka tare shi da madatsar ruwa a Jibiya. Muka yi dariya. Amma tawa ba ta kai ciki ba, don wannan rairayin da yake rainawa shi ya tashi garin nan a 1945. Da can Maradi a fadama take, gidajen ƙasa, lungu kan lungu. Ruwa ya zo ya narkar da su, Nasara ya mai da mutane kan tudu, ya shata tituna miƙaƙƙu kamar da igiya. Unguwanni su Bagalam, 'Yandaka, Limanci, Maradawa, duk da sunayensu suka hauro. Na karanto masa wannan tiryan-tiryan, ina jin kaina.

Sai ya ce, "To ina gidanmu yake a ciki?"

Na duba gabas, na duba yamma. Shekara arba'in ina garin nan, ban iya nuna ko da yatsa ba.

Zuwa garin Madarunfa sai Alhamis, in mota ta samu.

Bayan isha'i na shiga ɗakin Kaka, ita da aka goyo ta daga tsohon garin. Na ce, "Kaka, a ina tsohon gidanmu yake?" Ta ce kusa da tsamiya. Na ce wace tsamiyar? Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ja bargonta.