Makon Mai Ritaya a Bakin Tekun Elmina

Lokacin da na ajiye aiki a Takoradi, 'yan'uwana na Katsina sun ɗauka cewa zan tattara kayana in koma gida, domin Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Sai dai bayan shekaru masu yawa ina aiki a Ghana, ni da maiɗakina mun riga mun saba da iskar teku, kuma 'ya'yanmu biyu suna zaune a Accra da iyalansu. Saboda haka muka kama wani ɗan gida a Elmina, garin masunta na ƙabilar Fante, wanda bai fi tafiyar kilomita 13 daga Cape Coast ba.

Abin da ya fi damuna a watannin farko shi ne yadda kwanaki suka daina bambanta da juna. Ma'aikaci yana sanin Litinin da nauyinta, yana sanin Asabar da sauƙinta, amma mai cin fansho yakan wayi gari ya rasa ko wace rana ce sai ya duba waya. Mutanen garin ne suka mayar mini da lissafin mako, ba tare da sun san sun yi ba.

A nan ranar hutu ta gaskiya ita ce Talata. Bisa tsohuwar al'adar masuntan wannan gaɓa, ba a shiga teku kamun kifi a ranar, don haka idan na fito bayan sallar asuba na ji babu ƙarar injinan kwale-kwale, na san Talata ce. Nakan taka zuwa gadar da ke kan tafkin Benya, inda kwale-kwalen suke cunkushe gefe da gefe, kowanne da fentinsa da tutocinsa da rubutun da mai shi ya zaɓa, wasu da ayar Baibul, wasu da sunan ƙungiyar ƙwallo. Masuntan suna zaune a inuwa sun baje taru a kan ƙafafunsu suna ɗinke inda ya yage. Akwai wani dattijo da nake zama kusa da shi, wanda yake riƙe bakin tarun da babban yatsan ƙafarsa, yana zura allurar da sauri har ido ba ya iya bin hannunsa, kuma duk da haka hira yake yi ba tare da ya dubi aikin ba. Fantancina kaɗan ne, Hausarsa ta tsaya a gaisuwa da ciniki, amma mukan shafe awa guda tare. Shi ne ya fara kirana Kofi da ya ji an haife ni ranar Juma'a, ni kuma na gaya masa cewa a wurinmu Ɗanjuma ake cewa, sai ya yi ta maimaita sunan har ya zauna a bakinsa. Ko babban bikin garin, wato Bakatue, a Talatar farko ta watan Yuli ake yin sa, lokacin da ake buɗe tafkin domin a koma kamun kifi a cikinsa.

Litinin da Laraba da Alhamis ba su da wani dogon labari. Ina sayo koko da ƙosai a wurin wata mata 'yar zango, kokon da duk Ghana ta san shi da sunan Hausawa, in yi karatun Alƙur'ani har hantsi, sannan in duba abin da gishirin iska ya ɓata, domin tsatsa a nan ba ta barin kwaɗo ko ƙyauren ƙarfe ko keken ɗinkin Hajiya.

Ranar Juma'a kuwa tawa ce. Nakan sa babbar riga in shiga motar haya da ake kira trotro zuwa Cape Coast, in yi sallah tare da mutanen zango, waɗanda kakannin wasunsu fataucin goro ne ya kawo su wannan ƙasa tun kafin zuwan mulkin Turawa. Hausarsu ta ɗan sha bamban da tamu, ta ɗauki kalmomin maƙwabta, amma idan wani tsoho ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, ina gajiya, yaya mutan gida?" sai in ji kamar a ƙofar masallacin unguwarmu nake. Daga nan nakan biya kasuwar Kotokuraba in sayo wa Hajiya kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, tunda ita har yau ba ta yarda dokunu, wato curin masarar da mutanen nan suke ci, ya maye gurbin tuwo a gidanta ba.

Asabar ranar jana'iza ce a kudancin Ghana, kuma wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, ni da na tashi inda ake binne mamaci kafin rana ta faɗi. A nan akan ajiye gawa makonni, wani lokacin watanni, har dangi su hallara daga nesa, sannan a kafa rumfuna a kan titi, a jera kujeru, a sa tufafi ja da baƙi, a kunna kiɗa. Da farko ina ƙauracewa. Amma da matar maƙwabcina ta rasu, mutumin da ya taɓa kai Hajiya asibiti cikin dare a motarsa, na ga babu yadda zan zauna a gida. Na je na bi layin masu gaisuwa daga dama zuwa hagu kamar yadda suke yi, na ba da gudummawata aka rubuta, na zauna gefe har aka tashi. Tun daga ranar mutanen layinmu suka daina gaishe ni daga nesa, suka fara shigowa zaure.

Da yammacin Lahadi, bayan masu zuwa coci sun koma gida kuma garin ya yi tsit, ni da Hajiya mukan zaga ta gefen tsohuwar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wadda Turawan Holan suka ƙwace a 1637, kafin ta koma hannun Ingila a 1872. Sau ɗaya kawai na shiga ɗakunan ƙarƙashinta da aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi, kuma duhun wurin da warinsa ba su bar ni ba har yau. Yanzu daga waje muke tsayawa, inda raƙuman ruwa suke dukan duwatsu, mu kira jikoki ta WhatsApp su ga teku. Idan aka kira magariba sai mu juya gida ta bayan rumfunan mata masu bandar kifi, waɗanda a lokacin suke tara itace a gindin murhu domin kifin da zai sauka da safiyar Litinin.