Saƙar leda: inda tabarmar ta kai

Ƴan'uwa masu koyo, tabarmar ledar da nake saƙawa da kwarashi ta wuce kamu biyu yanzu, kuma har gobe haɗa zaren ya fi saƙar kanta cin lokaci. Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: a wanke ledar da omo, a shanya ta a inuwa, a ninke ta a tsaye, a datse hannuwan da gindin, sannan a yanka saura zobe-zobe, faɗin yatsa biyu. Sai a zura wannan zoben cikin wancan a ja a hankali. In kin ja da ƙarfi ƙullin zai tsinke, in kin bar shi sakwa-sakwa kuma kwarashi zai riƙa sarƙewa a kansa.

Abin da na fi so mu kula da shi shi ne rarrabewa tun kafin almakashi ya taɓa komai. Baƙar ledar nan siririya ta mai tumatur da mai ƙosai laushi gare ta, tana bin hannu, amma a layi ɗaya ba ta jimre taku, shi ya sa nake haɗa zare biyu. Masu zane-zane, irin na ƴan atamfa a Babbar Kasuwa, sun fi kauri, su nake ajiyewa don baki, inda ƙafa ta fi ci. Idan aka cakuɗa su a layi guda, ɗaya ta miƙe ɗaya ta ƙi, sai tabarma ta tashi kamar faifai, ko an ɗora mata turmi ba ta kwanciya. Wadda ta kwana a rana a bakin titi kuwa kar a wahala da ita. Rana ta riga ta cinye ta, kina murzawa za ki ji tana ƙaras-ƙaras. Ta mai da ta nama ma na daina karɓa, ƙarnin ba ya fita.

Ledar fiya wata ta ƙi kwarashi gaba ɗaya, taurinta ya yi yawa. Na yanke musu baki, na huda gindi, na cika da ƙasa da takin awaki na zuba irin zogale, sun tsiro. Gwangwanayen lemo kuma yaran gida ke tarawa, ana kai wa masu ƙera tukwanen alminiyam a Kasuwar Katako ta Yamai, inda ake narka su a zuba cikin yashi tukunya ta fito.

Wata maƙwabciya ta ce mini, "Maman yara, ke da leda ba ta ƙare ba? Ai gwamnati ta hana." Gaskiyarta, tun watan Nuwamban 2014 akwai dokar da ta hana yin wannan siririyar leda da shigo da ita da sayar da ita a Nijar. Amma ki leƙa lambatun unguwarku da damina, ko ki tambayi mahauci abin da yake tsinta a tumbin akuyar da ke kiwo a juji. Ni dai a layinmu kaɗai ina samun fiye da abin da hannuna ke iya saƙawa.

Kar mu yaudari kanmu, tabarmar leda ba ta kamo ƙafar tabarmar kaba ta Madawa ba. Da zafi tana ɗaukar zafi, ba ta shan gumi, kuma kusa da murhu ba wurinta ba ne. Inda ta yi nasara shi ne wurin wanke-wanke da bakin randa: ruwa ba ya ruɓar da ita, gara ba ta ci, a watsa mata buta guda ta fita fes.

Bakin nake son rufewa a makon nan, sai dai kusurwa ɗaya tana ta naɗewa. Wadda ta taɓa saƙa mai kusurwa huɗu ta faɗa mini, sarƙa nawa kike ƙarawa a wajen juyawa, biyu ko uku?