Abin da rigingimun lakwal suka koya mini game da kan ɗan Adam

Duk wanda ya riƙe alli a Maraɗi ya san rabin gajiyarmu ba yara ke kawo ta ba, mu malamai ne ke ɗora wa junanmu. Aji cike maƙil, zafin Afirilu, ƴan kwantaragi na jiran kuɗinsu wata ya shige wata, ga kwafin yara jibge ba a gyara ba, to a wannan hali ƙaramar magana sai ta zama gaba. Kuma da na duba da kyau, yawancin faɗan da muke yi a kan kalma guda yake tsayawa, wai wane ya raina ni.

Akwai wani mushe, wato malami namiji, da muka yi aiki tare, shi ke riƙe da CM2, ajin ƙarshe na firamare. Ba ya kallon mutum a ido in yana magana, ba ya zama wurin shayi lokacin rekreyasiyo, in an sauya jadawali ba a faɗa masa tun da wuri ba sai ka ga duk ya birkice, yana ta maimaita tambaya guda. Nan da nan aka yanke masa hukunci, girman kai ne. Har ƙararsa aka kai wurin direkta, wasu suka daina gaishe shi, alhali yaransa a lissafi ba a kama ƙafarsu kuma bai taɓa makara ba. Wata rana bayan an tashi na tsaya na tambaye shi mi ke damunsa, ya daɗe yana juya alli a hannu kafin ya ce, "Hajiya wallahi ba raini ba ne, in mutum uku suka yi magana lokaci guda kaina ba ya ɗauka, ji nake kamar in gudu." Ni ba likita ba ce, ban liƙa masa sunan wata cuta ba, amma abin da ya faɗa ya yi kama da yadda masu otizim ke bayyana halinsu, kuma otizim ba hauka ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, ƙwaƙwalwa ce da ke karɓar sauti da haske da mu'amala ta wata hanya daban. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2 ga Afirilu saboda shi. Abin da muka roƙi direkta bai taka kara ya karya ba, a rubuta duk wani sauyi a allo tun jajibiri, a taro kuma a riƙa magana ɗaya bayan ɗaya. Rigimar ta lafa sosai, ba gaba ɗaya ba dai, don akwai waɗanda in sun riƙe mutum sun riƙe shi kenan.

Na yara ya fi ci mini rai. Wata yarinya a CE1, aji na uku na firamare, bakinta kamar rediyo, in ka ba ta labari za ta maido maka shi tas, amma a dikte, wato shifta, b da d sun zame mata ƙaya, p da q ma haka, ta karanta layi ta tsallake na gaba. Abokiyar aikina ta ce lalaci ne, bulala ce maganinta, muka yi cacar baki har aka raba mu, muka daɗe gaisuwa sai sama-sama. Baban yarinyar shi kuma cewa ya yi iska ce ta taɓa ta, za a kai ta a yi mata ruƙiyya. Ban hana addu'a ba, wa ya isa, amma na ce masa Alhaji a haɗa da dabara. Disleksiya matsala ce ta haɗa harafi da sautinsa, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma a wurinmu ɓuya take yi, tunda yaro da Hausa yake tashi a gida sannan a ce ya koyi karatu da Faransanci, sai a ɗauka harshen ne kawai ya yi masa nauyi. Na maido ta bencin gaba, muna zana haruffa da yatsa a rairayi tana furta su da ƙarfi, wasu tambayoyin ina yi mata da baki. A hankali ta fara kamawa, duk da dai har ta bar hannuna karatun da wahala take yin sa.

Mu kanmu fa? Ba na manta Nuwamban 2021, lokacin da gobara ta tashi a azuzuwan zana nan cikin gari, yara sama da 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Na san malaman da bayan nan barci ya ƙaurace musu, ƙaurin hayaƙin mai tuya kaɗai ke sa gabansu faɗuwa a aji, amma ba wanda ya zauna da su, sai dai a ce a yi haƙuri. Haƙuri ibada ne na yarda, sai dai mai zazzaɓi ba ma ce masa ya yi haƙuri mu tafi, dispanse muke kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, a shekarar ne kuma ta sa gajiyar aiki mai cinye mutum cikin abubuwan da wurin aiki ke haddasawa. To a ce duk lakwal ɗinmu ba mai ɗauke da irin wannan? Akwai, tsoro ne kawai kar a ce wane ya taɓu.

Inspekta in ya zo takardun shiri yake dubawa da rajista, aikinsa ne ban ga laifinsa ba. Amma ina so a makarantar horar da malamai da tarukan ƙara wa juna sani a ware lokaci na musamman a koya mana gane yaro mai disleksiya, da wanda ba ya iya zama wuri guda, da inda za mu tura malamin da ya kai maƙura, don yawancinmu da lalube muke yi, kuma kafin mu gano, yaron ya riga ya sha bulalar da ta sa shi tsanar boko.