Waya uku, amsa uku: abin da aikin malamin gona ya koya min kan hasashen ruwa a Sakkwato

Shekarata ta farko a aikin nan na ɗauka abin banza ne. Wata ƙungiyar manoma ce ta ɗauke ni, wai tunda na karanta jogarafi ni zan riƙa duba hasashen yanayi ina tura saƙon murya a guruf ɗinsu na WhatsApp, yaushe za a yi shuka, yaushe za a zuba taki, yaushe za a yi feshi. Yawancinsu mutanen wajen Kware ne da Wurno, masu gero da dawa da wake a tudu da masu shinkafa a fadama. Ni kuma a lokacin duk abin da wayata ta nuna shi ne gaskiya, da na ga hoton girgije da ɗigo uku a ƙasansa sai in danna rikodin in ce jama'a gobe akwai ruwa insha Allah.

Farkon Yuni aka yi ruwa ɗaya mai ɗan dama, na buɗe manhaja na ga ta jera ruwa kwana huɗu, na ce kowa ya fita ya shuka. Aka shuka kuwa. Sama ta yi tas kamar an share ta, kusan mako biyu ko ɗigo, geron ya tsiro ya yi kai kamar allura sannan ya ƙone a tsaye. Da na je ƙauyen wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni gonarsa, ya tona ƙasa da yatsa har gaɓa biyu ya nuna min busasshiya, ya ce ɗana, wayar taka ruwan ina ta gani? Mu dai nan ko yayyahi ba mu gani ba. Na ce Baba a yi haƙuri, ban da wata amsa. Sai da suka sake sayen iri, kuma wallahi har yau in na tuna sai in ji nauyi.

Daren ranar a wurin mai shayi a Runjin Sambo na sa abokaina biyu suka buɗe wayoyinsu, gari ɗaya muka duba, rana ɗaya. Tawa ta ce ruwa, ta ɗayan ta ce rana ƙwal, ta ukun ta ce kashi 40. Daga nan na koma na karanta abin da ya kamata in karanta tun kafin in buɗe baki a guruf.

Ashe manhajojin nan yawancinsu ba su da ko ma'aunin zafi ɗaya a Sakkwato. Lissafi suke ɗaukowa daga wasu manyan kwamfutoci na ƙasashen waje, kowa da wanda yake bi. Akwai GFS na Amurka wanda ake sake lissafa shi sau huɗu a rana kuma kyauta ne shi ya sa ƙananan manhajoji suka fi son sa, akwai ECMWF na Turai mai hedikwata a Ingila, akwai ICON na Jamus. Kowanne yana yanka duniya gida-gida kamar gidajen dara, na Turai gidansa kusan kilomita 9, na Amurka kusan 13, sai ya ba kowane gida amsa ɗaya. To kai da ka san garin nan ka san sau nawa ake tafka ruwa a Arkilla mutumin Mabera yana shanyar kaya. Hadarinmu ba ya bin gidan dara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kwamfutar ba ta zana hadarin kansa, ƙiyasta shi take yi da wata dabarar lissafi, in ta ga zafi da laima sun kai wani mataki sai ta ce a wannan gidan za a yi ruwa. Shi ya sa take yawan zuba mana ɗan ruwa kaɗan-kaɗan kowace rana da yamma, alhali ruwanmu na gaske ba haka yake zuwa ba. Namu tarin hadari ne da ke haɗuwa can gabas, ya taho yamma a jere da gudu, holoƙo a gaba yana kwashe kwanon rufi, ya sauke abin da zai sauke cikin awa ɗaya ko biyu, sau da yawa da dare, ya wuce, sai kuma bayan kwana uku ko biyar. Waɗancan kwana huɗun da na gani a jere, da na san wannan, da na gane ba ruwa huɗu ba ne, kwamfuta ce kawai take cewa akwai laima a sama.

Sannan ga matsalar awo. Kafin a lissafa gobe dole a san yau, ana buƙatar tashoshin awo a ƙasa da balan-balan da ake saki sau biyu a rana yana auna iska har can sama, da rada, wato na'urar da ke hango ruwa a cikin hadari daga nesa. Turai da Amurka sun cika da su. Mu nan in ka ɗauke tashar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, da ke filin jirgin Sultan Abubakar III da 'yan tsiraru, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga wata ba, kuma gabas ɗin da hadarin ke fitowa, Nijar da Chadi, can ma haka abin yake. To kowace kwamfuta sai ta cike giɓin da nata zaton. Wani masani Edward Lorenz tun 1961 ya gano cewa ɗan bambanci ƙanƙani a lambar farko, shi rage 0.506127 ya yi zuwa 0.506, yana iya juya sakamakon gaba ɗaya bayan ɗan lokaci. Shi ya sa masu ECMWF ba sau ɗaya suke lissafin ba, kusan sau 50 suke maimaitawa suna ɗan taɓa lambobin farko su ga nawa ne za su ba da ruwa. Kashi 40 ɗin nan na wayar abokina daga irin wannan yake fitowa, kuma ba ya nufin ruwa kaɗan, yana nufin in aka samu rana irin wannan sau goma za a yi ruwa a huɗu. Na sha wahalar fassara wannan a saƙon murya, daga baya na koma cewa ruwa na iya zuwa amma rashinsa ya fi ƙarfi, kowa ya gane.

Wa za a yarda da shi ke nan? Ni dai yanzu ya danganta da tambayar da aka yi min.

In maganar damina ce gaba ɗaya, za ta faɗi da wuri ko a makare, za a yi dogon fari a tsakiya ko a'a, hasashen shekara na NiMet nake ɗauka wanda suke fitarwa a farkon shekara, har ƙaramar hukuma suke kawowa da ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa. Ina kuma leƙa na AGRHYMET, cibiyar yanayi da noma ta yankin Sahel da ke Yamai, tunda iskar da ke kaɗa Ƙonni ita ke kaɗa Illela. Ranar da suka rubuta ba alƙawari ba ce, tana iya gocewa da kwanaki, amma ta fi manhajar da ba ta san ana noma a Gwadabawa ba. Ga masu fadama kuma ina haɗawa da hasashen ambaliya na NIHSA, hukumar Najeriya mai sa ido kan ruwan koguna, domin duk wanda ya ga 2010 lokacin da ruwan Rima ya cinye ƙauyukan Goronyo ya yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo ya san ruwan da zai ci gonarka ba lallai a kanka ya sauka ba.

In maganar kwana biyu ko uku ce sai in buɗe manhajar Windy, dalili kawai tana bari ka sauya tsakanin ECMWF da GFS da ICON a taswira ɗaya. In duka ukun sun haɗu a kan ruwa ina faɗa da ƙarfin gwiwa, in sun watse ina faɗa wa mutane cewa sun watse, a jira. Da can kunya nake ji in ce ban tabbata ba, gani nake kamar za a ce ban iya aiki ba. Hasashen kwana goma kuwa na ruwa ko kallonsa ba na yi a damina. Amma fa a yi adalci, a kan zafi suna ƙoƙari sosai, in suka ce Afrilu za a haura digiri 42 gobe to ka nemi inuwa, haka hazon hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi suna ganinsa tun kafin ya iso, domin waɗannan abubuwa ne masu faɗi ba kamar hadari ba.

In kuma tambayar ita ce malam in zuba yuriya yau da yamma ko in bari, nan hoton tauraron ɗan adam na Meteosat nake dubawa, yana sabuntawa duk bayan 'yan mintoci, in na ga farin dunƙule ya taso ta Zamfara ko ta Maraɗi yana gangarowa na san muna da 'yan awoyi. Sai in kira dattijon nan. Eh shi ɗin dai. Yana duba gabas, yana jin juyawar iska da irin zufar da ake yi, ya ce min wanga hadari ba namu na ba, na Tangaza na, kuma sau da yawa hoton na nuna haka ɗin. Akwai ranar da shi ma ya kuskure, ya ce babu, aka kwana ana ruwa, da safe ya riga ni dariya ya ce ai Mai ruwa bai shawarci kowa ba.

Maganar shuka kuma na daina yanke ta da abin da zai zo, da abin da ya riga ya sauka nake yankewa. Masana yankin Sahel suna yawan amfani da ƙa'idar milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada a samu fari sama da mako guda a watan da ke biye. Rabin farko ana iya aunawa, rabi na biyu sai addu'a da hasashe. Muka sayi robobin awon ruwa masu araha muka kafa a ƙauyuka biyar a kan sanda nesa da bishiya, yaran makaranta ke karantawa da safe su turo min lamba, ni kuma ina da wani littafi mai bangon shuɗi da nake rubuta abin da kowane hasashe ya ce jiya da abin da roba ta nuna yau. Ɗaya daga cikin robobin akuya ta ture ta sau biyu, sai da muka kewaye ta da ƙaya, shafin wancan ƙauyen na watan Yuli har yanzu da giɓin kwana uku a ciki.