Ƙwayar kitsen jini da aka ɗora Baba a kai

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki a nan Tawa, likita ya ɗora shi kan atorvastatin, ƙwaya guda kullum. Alhamdulillahi, hannun dama ya fara riƙe carbi.

Aikin maganin a hanta yake. Yana rage kitsen da take haɗawa, wanda ke taruwa a bangon jijiya har ya toshe wa jini hanyar ƙwaƙwalwa. A wani bincike mai suna SPARCL na 2006, an ba waɗanda suka taɓa kamuwa da shanyewar ɓarin jiki miligiram 80 na maganin a rana, sake kamuwar ta ragu da kashi 16 cikin ɗari. Ba kaɗan ba ne ga mai tsoho a gida.

Sai dai Baba ya yi ta kukan cinyoyi, tashi daga tabarma ma sai ya dafa bango. Inna ta ce, “Malam, ka bar ƙwayar nan mana.” Muka koma wurin likita, ya rage ƙarfinta, ciwon ya lafa. Ya gargaɗe mu: in tsamin jiki ya tsananta, fitsari ya yi duhu, a kawo shi nan take. Maganin yakan ɗan ɗaga sukari, kuma a binciken nan zubar jini cikin ƙwaƙwalwa ya ɗan ƙaru. Mai ciki kuwa ba a saba ba ta shi ba.

Abin da ke damuna shi ne masu tsammanin ƙwayar ta ba su lasisin cin tsire da man shanu. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo cutar, kuma wannan ƙwaya ba ta saukar da shi. Nashi maganin daban ne, kuɗinsa ma daban, duk ƙarshen wata a farmasi.