Darussan kicin a kan ragowar gasasshen haƙarƙarin saniya

A Amurka da Ingila akwai gashin da ake ji da shi lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara. Ana yanko naman gadon bayan saniya daga haƙarƙari na 6 zuwa na 12, da ƙashinsa da kitsensa, a tura shi obin, wato tanderun gashi na zamani, ɗungurungum. Amurkawa na kiransa firaim rib. Mai ƙashi bakwai yakan kai kilo 7 ko fiye, kuma ana sauke shi cikinsa da sauran ja, zafin tsakiyarsa tsakanin digiri 54 da 57 a ma'aunin Salsiyas. Nama mai wannan girma ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Duk wanda ya yi aiki a kicin ɗin otal, ko ya gasa haƙarƙarin layya ya rage, ya san washegari ake gane gwanin girki.

Abin da aiki ya fi koya mana shi ne a daina kallon ragowar nan kamar ɗanyen nama. Ya riga ya sha wuta sau ɗaya. Da zarar zafin tsoka ya haura digiri 60, silinta sai ya takure ya matse ruwan cikinsa waje, ruwan nan kuwa ba ya komawa. Saboda haka ko dai a ɗumama shi sama-sama, ko a ba shi wuta ta dogon lokaci har jijiyarsa ta narke. Tsaka-tsakin ne ke ɓata shi. A jefa yanka mai kyau cikin miya tana tafasa na minti goma, zai fito da tauri kamar gandar da ba ta nuna ba, sai a ɗora laifin a kan mahauci.

Amma tun daren gashi ake ceton naman ko a yi asararsa. Kada ya wuce awa biyu a waje, idan kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya kacal, wanda a Kano ko Sakkwato ko Yamai lokacin bazara kullum haka ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa ƙaton gunduwa a firij. Bayansa ya yi sanyi, cikinsa yana nan da ɗumi na awoyi, a ɗumin nan ne ƙwayar cutar Clostridium perfringens ke hayayyafa, domin gashi ba ya kashe irinta. A fara raba shi: ƙashi daban, kitsen sama daban, tsoka daban. Tsokar a yanka ta gunduwa-gunduwa mai kaurin yatsu uku, ba siri-siri ba, don yawan fuskar da iska ke taɓawa shi ke sa kitse ya juya, naman ya ɗauki wannan ɗan warin na kwananne. A naɗe kowace gunduwa tam da leda ta manne a jikinta. A firij mai digiri 4 zai yi kwana uku zuwa huɗu, a firiza wata biyu zuwa uku kafin ɗanɗanonsa ya fara raguwa. Idan aka ɗauke wuta, firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu. Naman da ya kwana a waje kuwa a haƙura da shi, ko da bai yi wari ba, domin akwai gubar da wasu ƙwayoyin cuta ke bari wadda tafasa ba ta lalatawa.

Wajen ɗumamawa, a yi yanka mai kaurin santimita 2, a gicciye da silin naman. A jera a faranti mai jure wuta, a zuba romo cokali biyu ko uku, a rufe ruf da foyil, wato takardar alminiyam ta naɗe abinci, a sa a obin mai digiri 120 na minti 10 zuwa 15. Romon ne ke yin tururin da ke hana shi bushewa. Inda babu obin, a tafasa romo, a kashe wuta, a tsoma siraran yanka na rabin minti a tsamo. Haka ake yi wa sanwicin da ake kira Faranci dif, wanda gidajen abinci biyu na Los Anjelas, Philippe da Cole's, suka daɗe kowanne yana cewa shi ya ƙirƙiro: nama da soyayyar albasa cikin dogon burodi, romo a ƙaramin kwano ana dangwala. Sai dai hukumar aikin gona ta Amurka tana cewa a ɗumama ragowar abinci har digiri 74. Mu kam, idan abincin na yara ne, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko ana shakkar sanyin firij, wannan ƙa'idar muke bi, taushi ya biyo baya.

Haɗin dankali da Amurkawa ke ci da safe yana nuna dokar a fili: nama ne ƙarshen shiga. Dankalin turawa rabin kilo, a yanka ƙanana, a tafasa minti biyar, a tsane shi sosai. A narka kitsen naman cokali biyu a kasko mai faɗi, a baza dankalin, a bar shi ba juyi har ƙasansa ya yi ja, sannan a juya. Bayan kamar minti goma a zuba albasa ɗaya da tattasai da attaruhu. Naman, giram 300 da aka yanka daidai girman dankalin, ya shiga minti biyu kafin a sauke. Idan dankalin ya caɓe, ko an zuba shi da ruwa ne, ko an cika kaskon har tururi ya rasa mafita. A ɗanɗana kafin a sa gishiri, ɓawon gashin yana da nasa. Soyayyar shinkafa da taliya ma haka, nama ne ƙarshen shiga.

Ƙashin kuwa, a nan riba take, kuma shi aka fi zubarwa. A kankare inda ya ƙone don yana kawo ɗaci. Ƙashi uku, ruwan sanyi lita biyu, albasa, citta, tafarnuwa da masoro, a bar shi awa uku a kan wuta kaɗan, yana motsi a hankali, ana kwashe kumfa. Idan ya yi ta ɓararraka, kitse zai gauraye da ruwa romon ya yi duhu ya yi maiƙo. Naman da ke tsakanin haƙarƙari jijiya ce ta yi masa yawa, shi ya sa yake son doguwar wuta. Bayan awa ɗaya da rabi zai saki ƙashi da kansa, ga farfesu ya samu. Idan romon ya kwana a firij ya daskare kamar kamu, ya yi yadda ake so.

Inda wuta ba ta da tabbas, dambun nama ya fi komai. Akwai ciwo a kirɓa nama mai tsada haka a turmi, amma ya fi a zubar. A cire kitsen tas, don wannan yanki kitse ya ratsa shi ko'ina, in aka bar shi dambun zai yi danƙo ya yi saurin juyawa. A dafa da albasa da citta har ruwan ya ƙone, a kirɓa, a soya da mai kaɗan ana juyawa har ya bushe ya yi wara-wara, sannan a zuba yaji.

Kitsen da aka cire a yayyanka shi ƙanana, a sa a tukunya da ruwa cokali uku don kada ya kama, a narka a wuta kaɗan har ya daina tartsatsi, alamar ruwan ya fita. A tace da ƙyalle mai tsabta cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a ajiye a firij.