Ƙwan da ke cikin karfasa

A Mai Wurno na tashi, a bakin kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, gidan masunta. Da na tafi Wad Madani karatun kiwon kifi, kaina cike yake da ganin cewa ruwa na riga na san shi, takardar shaida kawai na je karɓa. Wani darasi a kan wani sinadari mai suna siliniyam ne ya sauke mini wannan girman kai.

Malaminmu ya fara da alherin sinadarin. Berzelius, masanin Suwidin, shi ya gano shi a 1817. Jikin mutum da na kifi duk suna buƙatarsa. Babban mutum yana neman kimanin maikirogiram 55 a yini (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma a yankin Keshan na ƙasar Sin rashinsa ya jawo wa mutane ciwon zuciya. Sai dai tsakanin abin da ke raya jiki da abin da ke illata shi, tazarar ba ta da faɗi.

Daga nan ya ba mu labarin tafkin Belews a jihar Karolina ta Arewa, Amurka. A tsakiyar shekarun 1970 wata tashar lantarki mai ƙona kwal ta riƙa sakin ruwan tokarta a tafkin. Siliniyam ɗin da ke cikin ruwan kimanin maikirogiram 10 ne a lita, abin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Amma cikin nau'o'in kifi 20 da ke wurin, kusan duka suka ƙare.

Na ɗaga hannu na ce, “Malam, ai da an ga mushen kifi yana yawo a kan ruwa, da an farga.” Ya ce mini a nan gizo ke saƙar. Gansakuka da ƙananan halittu ne ke zuƙar sinadarin, ƙwari su ci su, kifi ya ci ƙwarin. A cikin jiki siliniyam yana shiga gurbin farar wuta, domin sun yi kama, ya maƙale a furotin. Uwar kifi tana iya zama da ƙibarta, tana iyo lafiya lau, amma ta zuba gubar a gwaiduwar ƙwanta. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe da karkataccen ƙashin baya, ko kumburin jiki, ko bakin da ba ya iya cin abinci, su mutu ba wanda ya gan su. Manya su tsufa, babu na baya. Ko bayan an daina zuba ruwan tokar, laka ta riƙe gubar shekara da shekaru.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Kesterson a Kalifoniya, domin can babu masana'anta, noman rani ne kawai. Ruwan ban-ruwa ya ratsa ƙasa mai siliniyam tun asali, ya wanko shi, aka tara shi a tafkuna, rana ta ƙafar da ruwan, gubar ta yi kauri. A 1983 aka fara samun 'ya'yan tsuntsayen ruwa a cikin ƙwai babu ido, wasu babu ƙafa ko baki. Ina jin wannan, ina kallon magudanan noman rani na yankin Jazira ta taga, waɗanda madatsar Sinnar ke shayarwa tun 1925. Ba ina ɗora wa ƙasarmu laifin ƙasar Kalifoniya ba ne, kowace ƙasa da irin duwatsunta. Abin da ya dame ni shi ne, mun iya lissafin ruwan da ke shiga gona, amma da wuya ka ji mai tambayar inda wanda ya fito yake kwana.

Da yake a ƙwai gubar ke ɓuya, ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 2016 ya fifita gwajin ƙwan kifi a kan gwajin ruwa: kada siliniyam ya wuce miligiram 15.1 a kilo na busasshen ƙwai. Ni kuwa a lokacin kwalabe kawai nake cikawa, in kai ɗakin gwaji, in rubuta cewa ruwa lafiya.

Da na koma gida hutu, na zauna ina yi wa mahaifina bayani yana ɗinkin koma. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Kai yaro, mu ai ba da babban kifi muke gane lafiyar kogi ba. In ruwa ya ja baya bayan damina, gefe muke dubawa. In ba ka ga 'yan ƙanana suna walƙiya a cikin ciyawa ba, baɗi ka nemi wata sana'a.” Na ce, “Baba, abin da Turawa suka yi shekaru kafin su gane ke nan.” Bai ɗago kai daga ɗinkinsa ba.

Yanzu a gonar kifin da nake aiki, ranar da aka ƙyanƙyashe nakan ɗebi 'yan tarwaɗa a farin faranti in duba su ɗaya bayan ɗaya, in ƙirga masu lanƙwasasshen baya in rubuta. Buhun abincin kifi ma sai na karanta adadin siliniyam da aka zuba a ciki. In kuma mata suna gyaran bulɗi, wato karfasa, a bakin ruwa, nakan roƙe su su ajiye mini ƙwan a cikin ƙanƙara kafin kyanwa ta riga ni.